Askin Ladi

Har yau ranar da Baba Yohanna ya shigo shagonmu yana neman a yi wa karyarsa askin kwalkwabo ba ta fita daga raina ba. Tunda ku biyu kun fara aiki da mu, gara ku ji labarin daga bakina kafin zafi ya shigo.

A lokacin ina matakin mai wanka. Shagon gyaran karnuka mataki uku ne: mai wanka, wadda ke wankewa da busarwa da taje gashi, mai aski, wanda ke riƙe almakashi da inji, sai mai shago, wadda muke kira Madam. Ni a firamare karatuna ya tsaya, don haka duk abin da Madam ta koya mini haddace shi nake yi, ina maimaitawa a cikin bas har Woolwich, unguwar da shagon yake a nan ƙasar Turawa. Ruwan wanka ma sai na taɓa shi da gwiwar hannu, na juya, na dawo na sake taɓawa.

Baba Yohanna tsohon soja ne, cocinmu ɗaya. Bayan rasuwar Mama, matarsa, 'yarsa Rifkatu da ke aiki a Leeds ta kawo masa 'yar karya don ta ɗebe masa kewa. Uwarta husky ce, irin karnukan ƙasashen ƙanƙara, ubanta wani ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu, sai ta fito girmanta bai wuce ɗan akuya ba, idonta ɗaya shuɗi. Ranar Lahadi aka kawo ta, ya sa mata suna Ladi. Rifkatu ta gindaya masa sharaɗi: ranar da ta ga ɗawainiyar ta fi ƙarfinsa, za ta ɗauke ta. Wannan sharaɗin yana damunsa ƙwarai. Kullum ya zo sai ya ce, "Laraba, ki gyara ƙanwarki da kyau, sufeto na zuwa."

Irin wannan karen gashinsa hawa biyu ne. Na ciki mai laushi ne kamar auduga, shi ake tajewa ya fita. Na waje shi ke tare rana daga fata. Idan aka aske, rana tana ƙona su, gashin kuma ba lallai ya dawo daidai ba. Shi ya sa dokar shagonmu ta hana.

Wani watan Yuli aka yi zafin da har kujerar bas ba ta zaunuwa. Ranar Asabar sai ga Baba ba booking, wato bai kira ya kama lokaci ba, Ladi na haki, harshe waje.

"Laraba, ki ce wa mai askin nan ya sauke mata bargon nan gaba ɗaya."

"Baba, ba a aske irinsu."

"Ni da na yi soja a Maiduguri za ki koya wa zafi? A gida da zafi ya shigo, kan yara muke fara askewa. Ke a lulluɓa miki bargo yau, mu gani."

"Baba, gashin ne inuwarta."

"Inuwa? Hawa na sama nake, flat ɗin kamar tanda. Ko abinci ba ta ci."

Na kira Madam. Ta yi masa bayani da Turanci a natse, ya saurara. Da ta gama, ya cire hula, ya yi mata godiya har da ɗan rusunawa. Madam ta koma ciki tana murna. Na bi ta na ce hankalina bai kwanta ba, domin a wurinmu dattijo idan ya bar musu ya koma godiya, ba yarda ya yi ba, ya gama yanke shawararsa ne. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Laraba, kin cika damuwa."

Na wanke Ladi, na taje mata gashin ciki har ya cika leda. Na nuna masa ledar. Ya dubi ledar, ya dubi karyar, ya ce, "Har yanzu da bargonta." Na faɗa masa ya kunna fanka, ya jiƙa tawul ta kwanta a kai, kada ya fita da ita sai da sassafe. Ya yi mini irin godiyar da ya yi wa Madam.

Ranar Lahadi bai zo coci ba. Na kira wayarsa, ba a ɗauka ba. Wa'azin ranar ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Litinin da safe na same shi a ƙofar shago kafin a buɗe, rungume da Ladi cikin zanen Mama. Da injin da yake aske kansa ya yi mata aski, tun daga wuya har gindin wutsiya. Da ya ga ta yi wasai, sai ya fita da ita fili da tsakar rana ta sha iska. Bayanta ya yi ja, wani wurin ya tashi da ruwa. Ko iskar fanka ta taɓa ta sai ta yi ƙara.

"'Yata," ya ce, "ba wani mai da za a shafa kafin Rifkatu ta gani?"

Na ce, "Baba, wannan ya wuce mu. Sai likitan dabbobi."

Ni na raka shi. Sunan Rifkatu ne a kan rajistar karyar, don haka asibitin ita suka kira. Washegari ta iso. Yana yi mata Hausa, tana amsawa da Turanci, tana kuka. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Daddy, mun yi magana." Bai yi musu ba. Shi da kansa ya haɗa kwanon abincin da igiyar ya sa a mota.

Abin da na koya shi ne, yawancin waɗanda ke cutar da dabba a wannan sana'ar ba mugaye ba ne. Tausayi ne ke kawo su, kuma mai tausayi idan ka ce masa a'a kawai, gida zai je ya yi da hannunsa. Shi ya sa yanzu ba na sallamar mai irin wannan karen a tsaye. Zaunar da shi nake yi, in sa masa mataji a hannu, ya taje da kansa har ya ga iska na shiga gashin. Wataƙila da haka ta faru da Baba, da ba a kai nan ba. Wataƙila kuma da ya aske ɗin. Na juya abin a raina har na gaji.

Ladi ta warke, amma gashin bayanta ya fito tsilli-tsilli. Baba yana nan. Yakan biyo ta ƙofarmu idan ya fito kasuwa, ya tsaya a jikin gilashi yana kallon teburin wanka. Ran nan ya shigo ya miƙo mini tsohon matajinta, da sauran farin gashi a haƙoran matajin.

"Ki aika wa Rifkatu," ya ce. "Ƙanwarki da wannan ta saba. Ni in na aika, za ta ce roƙo nake yi."