'Yan Biyun Badi'a

A Makarfi, in mutum ya bi ta bayan kasuwa ya nufi inda hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yake tashi, zai tarar da wani babban gida mai sassa da yawa. A sashen ƙarshe, kusa da rijiya, Badi'a take zaune da mijinta Abdurra'uf. 'Yar Likoro ce. Tana gama sakandare aka kawo ta, yanzu ta kusa shekara goma a gidan, kuma igiyar shanyarta ce kaɗai ba a taɓa ganin kayan jarirai a kanta ba.

Ba wanda yake gaya mata baƙar magana. Matan gidan suna sonta, don ita ce mai yi wa 'ya'yansu kitso, ita ake bar wa yara in za a fita unguwa. Abdurra'uf kuwa mutum ne mai shiru-shiru, yana aiki a injin matse rake. Lokacin rake akwai samu, in ya wuce sai lallaɓawa. Wani likita a Zariya ya rubuta musu gwaje-gwaje su biyun, sun yi wasu, sauran suna jiran hali. Saboda kuɗin gwaje-gwajen ne da aka zo neman matan da suka iya karatu don wani ɗan aiki, ta nemi izinin mijinta, ya ce ta je.

Wata Malama Mukarrama ce daga wata ƙungiya a Zariya ta tara su a ajin firamare ta yi musu bayani. Aikin shi ne mace ta shiga kemis kamar kowace mai saye, ta ce yaronta ɗan shekara biyu yana gudawa tun jiya. Ta lura da abin da aka tambaye ta, da abin da aka ba ta, da ko an ce ta je asibiti. In ta fita ta yi nisa, sai ta faɗa ta waya, maganin kuma ta kawo wa ƙungiya.

"Ba kama kowa za mu yi ba," in ji Malama Mukarrama. "So muke mu san masu kemis ɗin da suke buƙatar horo."

Wata mata a baya ta ce, "Malama, ni fa ba zan kira wa ɗana cuta da bakina ba."

"Ai ba ɗanki ba ne. Ɗan ƙungiya ne, aro muka ba ku."

"To Allah ya ba ɗan ƙungiya lafiya. Kullum zawo, ba ranar warkewa?"

Aka yi dariya. Sai wata maƙwabciyar Badi'a ta ce, "Badi'a ce ta huta, ba wanda za ta kira wa." Tana rufe baki ta gane abin da ta faɗa, ta shiga gyara ɗankwali. Badi'a ta yi murmushi don ta sauƙaƙa mata.

Dokokin ba su da yawa. Ba a tura mace garinsu. Ba a komawa kemis ɗaya sau biyu. Ba a faɗin suna, na uwa ko na ɗa.

Aka fara tura ta Kudan, sannan ƙauyukan da ke kan hanyar Ikara. Aikin ya zo mata da sauƙi, abin da ya ɗan ba ta tsoro. Yawancin masu kemis ko ɗaga kai ba sa yi. Kafin ta gama magana an zuba ƙwayoyi a leda, an miƙo, an koma kan waya. Takan fito ta yi istigfari a ranta, ta nemi inuwa ta ba da rahoto.

A cikin garin Ikara ta shiga wani ƙaramin kemis mai benci ɗaya da labule a ƙofa. Mai shi dattijuwa ce, Philomena, 'yar kudancin Kaduna da ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, ta zauna a garin. Ta nuna wa Badi'a benci ta ce ta zauna tukuna. Da ta ji bayani sai ta cire tabarau ta fara tambaya. Mace ce ko namiji? Tana shan ruwa? Akwai jini a ciki? Idonta ya faɗa? Badi'a ta amsa kamar yadda aka koya mata, sai dai ta ce mace.

"Ya sunanta?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta san dokar, amma matar ta tsare ta da ido tana jira, kuma wace uwa ce za ta rasa sunan 'yarta? A motar da ta kawo ta ta ji wata tana ta kiran ƙanwarta, sunan ne ya faɗo mata a baki.

"Hussaina."

"Allah sarki, 'yan biyu ne ashe. Hassanar fa? Ita lafiyarta ƙalau?"

Sai a lokacin Badi'a ta ga ramin da ta taka. Ba a Hussaina sai da Hassana. Tana iya cewa ɗayar ta koma, amma harshenta ya ƙi.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce.

Philomena ta ɗauko garin haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayoyin zinki, ta nuna mata yadda ake haɗawa, ta sa ta maimaita. Ta ce in yarinya ta ƙi shan ruwa ko jikinta ya saki, kada a jira, a wuce asibiti. Sannan ta sake ɗauko irinsu sak ta ƙulla a wata leda daban.

"Wannan na Hassana ne. Ban sayar miki ba. Ba a ba ɗaya a hana ɗaya, kin sani, yanzu sai ta yi fushi. Sauka lafiya, Maman biyu."

Badi'a ta ba da rahoto cewa mai kemis ɗin ta yi komai daidai. Leda ɗaya ta kai wa ƙungiya. Ɗayar ta sa a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa.

Bayan 'yan makonni aka tura ta wajen Furana. A hanyar dawowa motar ta tsaya a Ikara, ta ce wa kanta za ta sayi maganin ciwon kai ne kawai. Tana ɗaga labule Philomena ta ce, "A'a, Maman biyu ce. Ya mai jiki? Ya Hassana?" Badi'a ta zauna a benci, ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya sassauta.

Daga nan zuwan ya zama jiki. Duk aikin da ya bi da ita ta wannan ɓangaren sai ta leƙa. 'Yan biyun suka fara girma a kan bencin nan. Hassana ce mai ƙiriniya, ta taɓa zuba gari a cikin randa. Hussaina shiru-shiru ce kamar babanta, ba ta barci sai ta riƙe kunnen uwarta. Duk abubuwan da yaran gidansu suka yi ne, waɗanda ta gani tana tsaye a gefe, yanzu take ba da su da bakin mai abu. Philomena tana dariya, tana ba ta shawara kan abinci, wani lokaci ta ba ta alawa biyu iri ɗaya. In ban da yaran, komai gaskiya Badi'a take faɗa: sunan mijinta, sana'arsa, unguwarsu. Ba ta iya ƙarya da yawa ba. Guda ɗaya ce, ita take ta faɗaɗawa.

Sai dai mutum ba ya ta zuwa kemis ba dalili, saboda haka Hussaina ba ta taɓa warkewa sarai ba. Yau ba ta cin abinci, gobe jikinta da ɗumi. Fuskar Philomena ta fara canzawa.

"Ki kawo min ita in gani."

"Hanya ce, Mama. Ga su biyu."

"To kin kai ta asibiti?"

"Za mu je."

Rannan dattijuwar ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "'Yata, na yi aikin nan na ga yaran da aka yi ta cewa za a kai su. Ranar kasuwar Makarfi mai zuwa ina da sayayya a can, zan biyo in gan ta da idona. Gidan masu mazarƙwaila, bayan kasuwa, ko ba haka kika ce ba? In maigidan ne yake jan ƙafa, ki bar ni da shi. Na girme shi."

Badi'a ta dawo gida. Tana tuƙa tuwo tana ganin abin a idonta: baƙuwa ta shigo tsakar gida ranar da kowa yake nan, tana sallama tana tambayar ɗakin Maman biyu, matar Abdurra'uf. A gidan nan kaf babu 'yan biyu. Matan za su dubi juna. Kafin la'asar maganar ta kai Likoro. Wasu za su ce rashin haihuwa ya taɓa mata kai, wasu su ce a nemo mai ruƙiyya. Wa zai ƙara barin 'yarsa a ɗakinta? Abdurra'uf kuwa, wanda bai taɓa ɗaga mata maganar ba ko da wasa, zai ji a bakin abokan aikinsa cewa matarsa tana zuwa wani gari tana haifa masa 'ya'ya da baki.

Ta yi tunanin ta aika cewa sun yi tafiya. Wata kasuwar za ta zo. Ta yi tunanin ta ce Allah ya yi wa Hussaina rasuwa, sai ta ji tuwon ya fita ranta. Ko da ta iya faɗa ma, irin su Philomena ba sa jin rasuwa su zauna, da ƙafarta za ta zo gaisuwa.

Ana gobe kasuwa ta ce wa mijinta akwai aiki a Ikara.

"Na ɗauka kun gama da can," ya ce yana ɗaure takalmi.

"Saura wuri ɗaya."

Ta samu kemis ɗin ba kowa. Philomena na ganinta ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon ta jawo wata leda. 'Yan riguna ne biyu na atamfa ɗaya, ɗinki ɗaya.

"Kin riga ni. Da gobe za ki gan su. Na ce wa telan ya ɗan saki, yara ba sa jiran kaya."

Badi'a ba ta zauna ba. Ta riƙe gefen hijabinta ta ce, "Mama, babu su."

"Babu su wa?"

"Hassana da Hussaina. Ban taɓa haihuwa ba."

Ta yi bayanin aikin, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a kan kwalaben da ke jere. Philomena ba ta katse ta ba. Da ta gama, dattijuwar ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau.

"Wato duk tambayar da nake miki, rahoto kike kaiwa."

"Ranar farko ce kawai. Kuma na ce kin yi komai daidai."

"Ban tambaye ki maki ba. Sauran zuwan fa, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Ni ce na zo."

Philomena ta zauna a kujerarta a hankali. Ta ɗora rigunan a cinya tana ninkewa, ta warware, ta sake ninkewa.

"Na ba da sunan Hussaina a coci," ta ce. "Kowace Lahadi sai matan zumunta sun yi mata addu'a. Suna tare ni a ƙofa suna tambayar jikinta. Yanzu me zan ce musu?"

Badi'a ta sunkuyar da kai. Dattijuwar ta ɗago ta dube ta.

"Ko ɓari ba ki taɓa yi ba?"

"Ko ɓari."

Wani abu ya gilma a fuskar dattijuwar, kamar za ta miƙo hannu. Ba ta miƙo ba. Ta mayar da rigunan cikin leda ta tura ƙarƙashin kantar.

"Da kin gaya min haka tun farko, da bencin nan dai shi za ki zauna. Ba zan zo gobe ba. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai ji a bakina."

"Ki yafe min, Mama."

"Na ji. Ki ba ni lokaci."

Aka ɗaga labule, wata mata ta shigo da goyo, yaron yana tari. Philomena ta miƙe ta ce a sauko da shi, ta kara kunne a bayansa. Badi'a ta matsa gefe ta ba su wuri. Ta ɗan tsaya, ta ga ba abin da ya rage mata a ɗakin, ta fita.

Washegari tun da hantsi gari ya cika da ƙarar motoci da babura. Baƙi suka yi ta shigowa gidan, 'yan uwa daga ƙauyuka masu ajiye kaya da masu neman ruwan alwala. Badi'a ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta tana yi wa Halima, 'yar ƙanin mijinta, kitso. Duk sallamar mace da ta ji daga zaure sai hannunta ya tsaya, har yarinyar ta fara mita cewa kitson ba ya gaba. Ba sallama ɗaya da ta zama tata.

Da rana ta yi sanyi kasuwa ta fara watsewa, Badi'a ta tabbata asirinta ya rufu. Ta jira ta ji daɗi, bai zo ba. Halima ta yi gyangyaɗi a cinyarta, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya cikin kwanon man kitso. Badi'a ta kalle ta, ta ji labarin yana haɗuwa a bakinta yadda za ta ba da shi, da wadda za ta ce ta yi a cikin 'yan biyun. Sannan ta zare hannun yarinyar a hankali ta goge shi da gefen zaninta, ta kira uwar Halima ta zo ta ɗauke ta.