Yadda Asu Suka Tare a Kwat Ɗina

Shekarun baya can, lokacin naira tana sabuwa fil, na sauka Kaduna daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina da akwatin ƙarfe da ilimin aji huɗu, wanda a ganina ya isa a ba ni gwamna.

Mahaifiyata ta shimfiɗa mini busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin. Ina kama ɗaki a unguwar Malali na zazzage ganyen a bola. Ɗan boko da ganye a kaya? Na ninke kwat ɗin ulu da na saya a gwanjo saboda ranar intabiyu, na rufe.

Bayan wata biyar aka kira ni, aikin masinja a wani ofishin gona. Da safe na buɗe akwati, sai ga asu suna tashi kamar an watse kasuwa. Sun yi aure a ciki, sun haihu, har jikoki sun fara rarrafe. Gadon bayan kwat ɗin ya zama rariya.

Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Malam, saka abinka. Ka dai riƙa ba bango baya."

Haka na shiga ofis a kaikaice. Mai intabiyun, wani dattijo Bazazzagi, ya ce, "Samari, juya mu gani." Na juya. Ya yi dariya har da cire tabarau.

"Babu darbejiya a garinku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai. Tsohuwa ta sa mini, ni na zubar."

Ya ce ɗacin nan makamin bishiyar ne, da shi take kare kanta. Uwar asu ba ta son zuba ƙwai kusa da shi, tsutsar da ta ɗanɗana shi kuwa da wuya ta kai ga yin fiffike, balle ta haihu. "Kai ka sallami mai gadi, ka ba su ɗakin amarya."

Na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi. Sai ya ce tunda ban yi ƙarya ba, in zo Litinin. Aikina na farko a gwamnati: tsinko darbejiya buhu biyu, in shanya, in zuba a sito wajen irin wake.

Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Na koyi cewa kafin ka zubar da abin da tsohuwa ta sa maka, ka tambaye ta dalili. Da na je gida na ba ta labari, ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba. Ta ce, "To, madalla. Ashe gwamnatin ma tana da uwa."