Sawun Taya a Ƙofar Gidanmu

Shekaranjiya ina dawowa daga Jama'are na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, tun daga nan sitiyarin motata ya ƙi zama daidai. Motar tana tafiya a miƙe, amma sitiyarin ya kwanta gefe kamar hular ɗan gaye. Ɗana da ke zaune kusa da ni ya ce ai abu ne mai sauƙi, a cire sitiyarin a mayar da shi daidai. Na yi dariya har ya ji haushi. Ni za a gaya wa karkacewar sitiyari? A gidan da na tashi a Azare, wannan matsalar ta kusa raba wa da ƙane, kuma ina riƙe da tsintsiya aka gano bakin zaren.

Babanmu direban a-kori-kura ne. Ranar kasuwar Giade yana can, ranar ta Gololo ma yana can, ya ɗauko gero da wake da gyaɗa, wani lokaci har da awaki a saman buhuna suna ta kuka. Mutum ne mai kirki, amma a kan motar nan ba shi da aboki. Sai ya wanke ta kafin ya wanke jikinsa, kuma ko mu 'ya'yansa idan muka jingina da ita sai ya duba wurin da muka taɓa. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ne ke binsa kowace tafiya. Ya iya tuƙi sarai, amma kujerarsa ta gefe ce. Da magariba su biyun suke zama a zaure su ci tuwo a kwano ɗaya, muna jiyo dariyarsu daga cikin gida.

Wata shekara, damina ta ja baya an fara girbi, zazzaɓi ya kayar da Baba. Lokacin kwasar amfanin gona ba ya jiran kowa, dole ya miƙa wa Baffa makulli, yana yi yana jan kunne kamar mai ba da amanar jariri. Da ya warke ya koma kujerarsa, bai kai bakin titi ba ya ga sitiyari ya karkata dama. Ya dawo gida fuska a murtuke, ya tambayi Baffa me ya buga. Baffa ya ce bai bugi komai ba, shi ma a hankali ya ga abin yana ƙaruwa, kuma yana shirin faɗa masa. Ya rantse, ya sake rantsewa.

Baba ya dube shi ya ce, "Mota ba ta ƙarya, mutum ke yi."

A gaban mu yara ya faɗi haka, kuma na ga yadda idon Baffa ya kaɗa. Daga ranar Inna ta fara raba tuwon zaure kwano biyu. Baffa ya daina bin mota, ya shiga cewa zai tafi Kudu ya nemi tuƙin babbar mota, har ya ɗaure jakarsa ya ajiye a bayan ƙofa yana jiran wani abokinsa da zai wuce da shi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin shi ne mai kawo mana rake da ɗanwake daga kasuwa, kuma shi kaɗai ke iya sa Baba dariya.

Shi kuwa Baba ya duƙufa neman gyara, kuma ba zan ce bai san abin da yake yi ba. Ya fara da abin da ya kamata a fara da shi, wato iskar taya. Ya je wurin mai faci aka auna, aka daidaita duka, sitiyari bai motsa ba. Ya sa aka sauya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, nan ma shiru. Ya shiga ƙarƙashi da kansa ya girgiza tayarod, sandunan nan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, bai ga wanda ya lanƙwashe ba. Da haƙurinsa ya ƙare, wani mai gyara a tasha ya ba shi shawarar da ɗana ya ba ni: aka kwance sitiyarin aka ɗora shi a tsaye. Ya dawo gida yana murna. Ba a jima ba ya sake karkacewa, ga shi yanzu motar ta fi juyawa gefe ɗaya fiye da ɗayan, tayoyi kuma suna cinyewa ta baki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma duk wannan ma a kan Baffa aka ɗora shi.

Aikina na safe a lokacin shi ne sharar ƙofar gida. Lungunmu miƙaƙƙe ne, rairayi ne fari mai laushi irin na ƙasar Katagum, wanda ko ƙadangare ya wuce sai ya bar sa hannunsa. Motar tana kwana a jikin katanga, da asuba Baba ya miƙe da ita sak har bakin titi. Kakarmu, mahaifiyarsu, wadda kowa ke ce wa Hajiya, takan fito ta zauna a dakali tana jan carbi tana yi mini tsiya, wai sharata irin ta malalata ce, ina shafa wa ƙasa kai ne kawai. Ni ma ba na raga mata. A ruga ta girma, kuma takan yi alfahari cewa da sawu kaɗai take gane saniyar da ke ɗingishi.

Ran nan na sunkuya zan fara, sai ta ce in dakata. Ta taso tana dogara sandarta, ta bi sawun motar da ido har ƙarshen lungu. Ta tambaye ni layi nawa nake sharewa a da. Na ce biyu mana, ɗaya nan ɗaya can. Ta ce to in duba yanzu. Na duba, sai ga kowane layi ya yi ɗan'uwa a gefensa. Tayoyin baya sun daina taka inda na gaba suka taka, sun zame dama kaɗan. Ta hana ni share wurin, ta sa na kewaye shi da duwatsu kada awaki su tattake, ta zauna gadi har Baba ya dawo.

Ta ce masa, "Ka bar jaki kana dukan taiki. Motarka ƙafar baya ke mata ciwo."

Baba bai yi musu ba, uwa ce. Amma na san a ransa cewa yake yi me tsohuwa ta sani game da mota. Don ya fita haƙƙinta ya aika aka kira wani tsohon makanike, mutumin Borno da ya daɗe a Azare. Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, to tun daga bakin lungu ya fara, yana cewa wa ya aiki Bafillace sayen mota, ai da ya tsaya a kan shanunsa. Ya ga sawun, ya daina dariya. Ya sa Baba ya ja motar a hankali, shi kuma ya tsuguna a baya yana kallo, ya ce tafiyar kare take yi, gaba na nan baya na can. Ya karɓi igiyar shanyar Inna ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. Ta dama ta fi tsawo.

Sai ya yi bayani yadda har ni na gane. Akwai ƙusa guda da ke ratsa tsakiyar sifirin, fallayen ƙarfen da ke ɗauke da bayan mota, ita ke riƙe ƙafafun baya kada su gusa. Idan ta karye, ƙafa ɗaya takan ja baya sannu a hankali, bayan motar ya riƙa tura ta gefe, direba kuma ya riƙa karkata sitiyari don ya tafi daidai, ba tare da ya san dalili ba. Aka ɗaga motar da jak, aka kwance, sai ga ƙusar ta fito gida biyu.

Makaniken ya juya guntayen a tafin hannunsa, ya miƙa wa Baba. Bakin karayar ya yi tsatsa, ya goge ya yi sumul, ga busasshen taɓo a ciki. Ya ce ƙarfen da ya karye kwanan nan ƙyalli yake yi, wannan kuwa tun ruwa na tsakiya ya karye.

Sai ya dubi Baba ya ce, "Kai Bafillace, wa ke tuƙa ta da damina?"

Wani ne ya faɗi haka da an yi rigima, amma abokin wasa ba a fushi da shi. Kowa a gidan ya san ranar da Baba ya tsallaka wani kwazazzabo a hanyar Gololo da lodin taki, Baffa yana roƙonsa a rage kaya ya ƙi, har motar ta yi wata ƙara. Baffa yana tsaye a ƙofar zaure, shi ma ya tuna. Aka sa sabuwar ƙusa, aka ja ƙafar ta koma mazauninta, aka sake aunawa da igiya, sannan aka mayar da sitiyari inda yake tun asali. Hajiya ta ce in share lungun tas. Motar ta wuce, muka bi sawu, layi biyu ne.

Ban taɓa jin Baba ya ce wa Baffa ya yi haƙuri ba, ba irin mutanen da bakinsu ke iya wannan ba ne. Da magariba dai Inna ta ɗauko kwano na biyu, sai muka ji muryarsa daga zaure yana cewa ɗaya ya isa. Washegari ina shara na ga Baba ya buɗe ƙofar gefen motar ya shiga ya zauna, ya miƙa hannu ta taga da makulli. Baffa ya daɗe a tsaye kafin ya karɓa. Jakar nan ta bayan ƙofa ni aka sa na kwance ta.

Yau an shimfiɗa siminti a lungunmu, ko tirela ta wuce ba za ka ga sawunta ba. Tawa motar na kai ta inda ake dubawa da na'ura, suka maƙala wa tayoyi wasu faranti, allo ya nuna musu komai. Ban raina aikinsu ba, ya yi kyau. Na dai tsaya a kansu sai da suka duba baya kafin su taɓa gaba, yaron da ke aikin yana ta mamakin inda ni, da yake ta kira Hajiya, na san wannan.

Daga can na biya gida na gaida Baffa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, Baba kuwa ya daɗe da rasuwa, motar ma an yanka ta an sayar da ƙarfen. Na ba shi labarin sitiyarina, ya tambaye ni ko na duba sawu, na ce ai babu sauran rairayi. Ya yi murmushi, ya laluba aljihun gaban rigarsa ya fito da makullin, ya goge har haƙoransa sun shafe.

Ya ce, "Yaya bai sake karɓarsa ba, har ya bar duniya."