Kwanar Gindin Dutse

Mahaifina direban akori-kura ne. Ya yi shekaru yana jigilar kayan 'yan kasuwa tsakanin ƙauyenmu da Dutse da Kiyawa, ban taɓa jin ya ko gogi motar wani ba. Amma akwai wuri guda da in ya tunkara sai ya daina hira. Titin yakan hau a hankali har kafaɗar wani dutse, daga nan ya gangara, ya naɗe dutsen ta hannun dama. Mai saukowa ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya riga ya shiga kwanar. Baba yakan ce kwaltar wurin a karkace take ta inda bai kamata ba, maimakon ta riƙe mota sai ta riƙa tura ta waje.

Wata damina hutu ya ƙare, zan koma makaranta a Dutse, sai na bi shi. Ya yi lodin buhunan gero har sun ɗara kan motar. An kwana ana ruwa, ruwan ya kwaso yashi daga jikin dutsen ya shimfiɗa a kan kwalta. Da hantsi muka gangaro. Muna shan kwanar sai ga shanu suna tsallakawa. Baba ya taka birki, tayoyin suka hau yashi, bayan motar ya juya. Na ji lodin ya rinjaye mu, na ji Baba yana salati, sai ƙara.

Motar ta kwanta ta ɓangarensa a tsakiyar titi. Ni na faɗa kansa. Na taka kujera na fita ta tagar da ta koma sama, na zagayo ta gaba inda gilashi ya tarwatse. Ƙafarsa ta hagu tana ƙarƙashin ƙofa, ƙofar kuma motar ce gaba ɗaya a kanta. Na kama hammatarsa na ja. Ya yi wani irin ihu da ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Makiyayin shanun, wani dattijo siriri, ya jefar da sandarsa ya zo muka sa kafaɗa muna turawa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "bar ni. Hau sama ki tsayar da motoci. Duk wanda ya gangaro a kanmu zai ƙare."

"Baba, ba zan bar ka ba."

"Ki tafi na ce!"

Na bar shi da makiyayin na ruga. Takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan. Ina zagaya dutsen na waiwaya, babu motar, babu Baba, sai dutse. A nan na gane abin da kowane direba zai gani: titi fes, ba komai.

Wata ƙaramar mota ce ta fara zuwa. Na cire mayafina ina kaɗawa, ina ihu. Direban ya dube ni, mace ba takalmi, jini a goshi, ya kauce mini ya wuce. Wataƙila ya ɗauka mahaukaciya ce, ko tarkon ɓarayi. Na tsaya ina sauraro, hannuna a ka. Na ji ƙarar birki mai tsawo, ban ji karo ba. Daga baya na ji cewa ta gefen titi ya faɗa cikin gonar gyaɗa.

Sai na jiyo gurnanin tifa tana hawowa daga ɗaya ɓarin. Irin masu ɗauko tsakuwa ce, maƙare. Na san in ta fara gangara da wannan nauyi babu mai tsayar da ita. Na ƙara gudu sama, ƙirjina kamar zai tsage, na isa daidai inda hawan ya ƙare. Ban tsaya a gefe ba. Na shiga tsakiyar titi na durƙusa, na ɗaga hannuwa biyu.

Ya danna oda, ban tashi ba. Ya sake dannawa. Na rufe ido ina kiran sunan Allah. Birkin ya yi ta huci, ƙasa tana rawa a gwiwoyina, har zafin injin ya bugi fuskata.

Direban ya diro yana faɗa. "Ke! Mutuwa kike nema? A kaina za ki rataya?"

"Babana," na ce, ina nuna ƙasa. "Babana yana kwanar."

Ya dubi gangaren, ya dube ni, faɗan ya mutu a bakinsa. Ya gindaya tifar ta tare titin, ya sa duwatsu a tayoyi, ya saɓo jak muka sauka a guje. Motocin da suka taru a bayansa mutanensu suka biyo mu. Da jak da ƙarfin maza aka ɗaga motar, makiyayin ya janyo Baba. Leɓensa ya yi fari, ya daina magana. Na ɗora kansa a cinyata a bayan motar wani bawan Allah, ina ta kiransa har Dutse, yana buɗe ido yana rufewa.

Ya rayu, amma likitoci ba su iya ceto ƙafar ba, daga gwiwa aka yanke. Da ya dawo gida ya sa aka sayar da motar ga masu gwangwan, bai yarda an kawo ta ƙofar gida ba. Yanzu tireda yake tsarewa a bakin kasuwarmu, sandunansa jingine da benci. Ni ban koma makaranta ba sai da shekara ta zagayo, don a lokacin babu mai ɗaga shi sai ni da mahaifiyata.