Bokitin Yashin Inna

Jiya ’yata za ta zubar da yashin da nake ajiyewa a ƙofar madafa, sai kakata Inna ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Daura kullum bokitinta cike yake da yashi. Idan muka yi mata dariya, sai ta ce, “Wuta ba ta sallama.”

Ranar sunan ƙanena man gyaɗa ya kama a kasko, wuta ta fara lasar rumfar kara. Goggo ta sunkuto ruwa.

“Ajiye, ’yar nan, mai ne!” Inna ta sheƙa yashin, wuta ta mutu, sai ƙauri.

Ta karkaɗe zaninta. “To, ina masu dariya?”

Mata suka rangaɗa guɗa.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Inna. Bokitin yana nan cike.