Mai Tsaron Gidan da Na Yi Wa Sadaka

Shekarun da kuɗin mai ya buɗe, gwamnati ta tura maigidana, Malam, kwas London, ya tafi da ni. Muka sauka a wani gidan haya na bene a unguwar Edmonton. Ba ni da Turanci, ba ni da maƙwabciyar hira, shi kuma ba mai yawan magana ba ne. Sai ranar Asabar bakinsa ke buɗewa.

Akwai filin ƙwallo can gaba da mu. In iska ta juyo, ihun mutane yakan shigo ta taga kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Nan Malam zai ajiye kofin shayi ya hau ba ni labarin ƙungiyar da ke wasa a filin, yadda 'yan makaranta suka kafa ta a ƙarƙashin fitilar titi, da gwanayen da ta yi. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa: Dogo, Mai-hagu, Ɗan-ƙwarya. Wanda na fi so mai tsaron gida ne mai manyan hannuwa, wanda ya tare ƙwallo da karyayyen yatsa har aka tashi. Ina wanke-wanke ina ganinsa cikin hazo, tsaye, numfashinsa na hayaƙi. Har ƙosai na soya na raba wa yaran bene, sadaka, Allah ya warkar masa da yatsa.

Wata Asabar na matsa, Malam ya kai ni filin. Na yi ta duba mai tsaron gida, sai na ga wani siririn saurayi.

Na ce, "Malam, ina nawan? Yatsan ne har yanzu?"

Ya dube ni, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Haba uwargida! Wannan ai ya mutu tun ba a haifi babanki ba."

Ashe duk mutanena tsofaffin labari ne. Na zauna cikin masu ihu ina kuka, wata baturiya ta miƙo mini hankici, ta ɗauka mu aka ci.

Asabar ta zagayo, Malam bai ɗauko labarin ƙwallo ba, kunyar dariyarsa ta kama shi. Ihun filin ya shigo, ya fita. Tsoro ya kama ni, kada ya zama hirar ta ƙare ke nan.

Na ce, "To yau Mai-hagu me ya yi?"

"Kin san dai shi ma..."

"Na sani. Faɗa mini kawai."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya ce, "Ai yau tun daga tsakiyar fili ya taso."

Haka muka ci gaba har muka dawo gida, har gashinmu ya yi fari. Malam ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ina kuka yanzu da nake faɗa, ku bar ni in yi. Ranar Asabar jikokina suna kunna mini wasa a talabijin, ina kallo, amma ban san kowa a ciki ba.