Ranar da Na Hana a Yi wa 'Yata Ɗure

'Yata tana da wata tara ta fara ƙin abinci. Da ta ga cokali sai ta datse baki, ta kau da kai. A Kabong muke zaune lokacin, mahaifiyata ta zo mana daga ƙauye.

Rannan Mama ta dama kunu, ta gyara zama. "Miƙo ta nan," in ji ta. "In na toshe hancin, dole ta haɗiye. Haka na yi miki."

Na tuna ɗan maƙwabciyarmu da ya shaƙe wajen ɗure, idanunsa suka firfito. Na ƙanƙame 'yata.

"Mama, wannan kam ba za a yi mata ba."

"To, ta rame, a ce ba ki iya reno ba."

"Su faɗa."

Na dafa dankalin Turawa, na murƙushe da manja, na zauna kan tabarma ina ci, ban ko dube ta ba. Can sai ta rarrafo, ta cusa hannu cikin kwanon. Loma uku ta ci, sauran ta shafe kumatu da shi. Mama ba ta kula ni ba har yamma, ni kuwa ban janye maganata ba.